Farin Bayan Felle

Litinin, 6 ga Oktoba, ƙarfe goma na safe

Mutum uku kacal suka shigo shago tun da na buɗe, biyu hoton fasfo, na ukun cajin waya ya kawo. Ba komai. Rana ta fito, sola ta cika, Mama ta kawo min kunun gyaɗa har nan da kanta. Mun kwana lafiya.

Jiya bayan coci, da sabis ya ɗan leƙo, ƙanena Obed ya kira daga Kaduna. Wai akwai wani zauren baje hotuna a intanet da ke karɓar hotunan karkara daga masu hoto irina, kuma za su rufe karɓa ranar talatin da ɗaya ga wata. Hoton da suka amince da shi yana zama a wurinsu, kowa a duniya ya buɗe ya gani. Ya ce, "Yaya Susan, shekara goma sha biyu kina ɗaukar kunnuwan mutane da farin ƙyalle a bayansu. Ki tura abu ɗaya da za a tuna ki da shi mana." Tun yana ƙarami bakinsa ya fi shi girma.

Kafin ya gama surutunsa na san wanda zan tura. Shanun Bappa Bakoji a gonarmu ta Saminaka, ƙauyenmu na nan ƙasar Birnin Gwari.

Talata, 7 ga Oktoba, ƙarfe huɗu na yamma

Bari in rubuta yadda aka yi hoton, don kada in tsufa in fara ƙara masa gishiri.

Tun kafin a haife ni, duk shekara in an gama girbi, Bappa yakan kawo garkensa gonar Baba. Shanu su ci kara, su bar mana taki. Ba takarda, ba shaida. Baba ya rasu, Bappa bai fasa zuwa ba. A watan Janairun da ya wuce na je ɗauko wa Mama masara, kyamara a wuyana, rana tsaka. Na same shi tsaye, sanda a gicciye bisa kafaɗunsa, fararen shanunsa kewaye da shi, wata babbar saniya ta jingina kanta da hannunsa na dama. Na danna sau ɗaya batir ya mutu. Hoto ɗaya ke nan, babu na biyu.

Yanzu Bappa yana nan cikin gari, gidan surukinsa Abdulkahar. Sati uku ke nan da zuwansa. Da sanda da buta ya iso, babu saniya ko ɗaya a bayansa. Ba mu tambaye shi komai ba, shi ma bai tambayi Mama wa ke duba gona ba. Kullum da hantsi yakan zo ya zauna a bencin ƙofar shagona, su yi hira da Mama a kan ruwan bana. Sandar nan ba ta barin hannunsa. Ko kunu aka ba shi, da hannu ɗaya yake sha.

Laraba, 8 ga Oktoba, ƙarfe biyu na rana

Babu sabis. Na wanke farin ƙyallen fasfo.

Alhamis, 9 ga Oktoba, ƙarfe biyar na yamma

Na tura!

Sai da na hau tudun bayan makaranta, inda sabis ke sauka in ya ga dama. Rabin gari na can, kowa ya ɗaga waya sama kamar masu roƙon ruwa. Minti arba'in hoton yana rarrafe kafin ya shige. Na sauko ina jin kaina, har na saya wa Mama rake a hanya.

Kasuwa ba ta ci sosai ba yau. Motocin Kaduna ba su shigo ba.

Asabar, 11 ga Oktoba, ƙarfe goma sha ɗaya na safe

Sun maido min da shi. Layi biyu suka rubuto: wai haske ya yi yawa, fari ya ƙone, in duba histogiram in gyara in sake turawa.

Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye ba. Fari ya ƙone! Farar saniya a ranar Birnin Gwari, da wane launi suke so ta fito? Na kira Obed daga kan tudu ina masifa kamar shi ya ƙi hoton. Ya bari na gama, sannan ya ce in buɗe hoton a kwamfuta in danna wani wuri, zan ga wani ɗan zane mai kama da tudu.

Ga bayaninsa yadda na gane. Zanen yana tsakanin bango biyu. Bangon hagu baƙi ne wuluk, bangon dama fari ne fat. Duk ɗigon da ke cikin hoto, zanen yana tara shi ne a inda haskensa ya kai. In tudun ya hau jikin bangon dama ya miƙe sama, to wurin ya ƙone, wato babu komai a cikinsa, ba gashi, ba fata, farar takarda ce kawai. Su mutanen zauren na'ura ce ke fara duba musu wannan kafin mutum ya kalla.

Na dawo na buɗe. Nawa tudun ya bar filin hagu da tsakiya kusan wayam, ya je ya manne da bangon dama. Mama ta leƙo ta kan kafaɗata ta ce, "Wannan ai masara ce aka tula jikin bango. Gara za ta ci." Ita ko minti ɗaya ba ta yi ba ta gane.

Lahadi, 12 ga Oktoba, ƙarfe ɗaya na rana

An yi sujada, an tashi da wuri. Benci biyun baya, na mutanen ƙauye, babu kowa. Waƙa dai ta yi daɗi.

Litinin, 13 ga Oktoba, ƙarfe shida na yamma

Ashe kyamarata ma tana nuna zanen nan. Shekara goma sha biyu maɓallin yana ƙarƙashin babban yatsana, ni ina tsammanin kwalliya ce. Rashin sani ya fi dare duhu.

Yau ban yi aikin kirki ba, yawo na yi ta yi ina auna duniya. Tukunyar Mama, tudu ya gudu hagu. Rufin kwanon maƙwabta, ya haye bangon dama har yana neman tsallakewa. Akuyar Gambo mai shayi, wadda ke da ja da fari da baƙi, ita ce ta ba ni tudu mai kyau a tsakiya, ga ta kuma ɓarauniyar burodi. Na daɗe ban yi dariya ni kaɗai a kan hanya ba.

Abin da na lura: in na rage buɗewar kyamara kaɗan kafin in danna, tudun yakan matso daga bango. Da na san haka a Janairu. To, an riga an yi.

Talata, 14 ga Oktoba, ƙarfe uku na rana

Na gyara. Na kama hasken hoton gaba ɗaya na ja shi ƙasa, har tudun ya baro bango ya zauna daram a tsakiya kamar na akuyar Gambo. Kyakkyawa da shi. Gobe zan nuna wa Bappa kafin in tura, don bai taɓa ganin hoton ba. Na yi ta ɗaga ranar nuna masa, ban san dalili ba. Ko kuma na sani.

Laraba, 15 ga Oktoba, ƙarfe goma sha biyu na rana

Na shigo da shi ciki, na ba shi kujerar masu fasfo, na juya masa kwamfuta. Ya matso da fuska ya daɗe yana kallo.

"Shanun wa ke nan, 'yar Solomon?"

"Naka mana, Bappa. Ga ka nan tsaye."

"Ni ne wannan, na ga hulata. Amma wa ya shafa wa shanuna toka?"

Mama ta fashe da dariya daga ƙofa. Ni kunya ta kama ni. Da na sake kallo da idonsa sai na ga gaskiyarsa, duk sun koma ruwan toka, kamar an yi wanki da ruwan kwata. Na maido masa da na asali, mai ƙunar. Nan take ya gane su. Ya ɗaga yatsa zai taɓa gilashin, ya fasa, ya maido hannun kan sanda.

Can ya ce, "Ina za ki kai su?"

Na yi masa bayanin zauren gwargwadon iyawata. Na ce wuri ne da ba ya nan, ba ya Kaduna, ba ya kowane gari, amma duk mai waya zai iya leƙawa ya gan su.

"Babu hanyar da ƙafa ke bi ta je wurin?"

"Babu, Bappa."

Ya gyaɗa kai. "To ki maido musu da farinsu, ki kai su can. Inda ba mai kora su."

Da na fara abin nan don Obed ya daina yi min gori ne. Yanzu ya tashi daga nan.

Alhamis, 16 ga Oktoba, ƙarfe tara na safe

Mun kwana lafiya.

Juma'a, 17 ga Oktoba, ƙarfe huɗu da rabi na yamma

Obed ya yi min dariya son ransa a kan shanun toka. Ya ce ba a ce kowane tudu ya zauna a tsakiya ba. Hoton farin abu dole tudunsa ya karkata dama, abin da ba a so kawai shi ne ya hau bangon. "Yaya, a kusa da bango za ki tsayar da shi, ba a jikinsa ba, ba kuma a tsakar gida ba."

Sai ya tambaye ni ko kyamarar tana ajiye ɗanyen hoto. Wai bayan ƙaramin hoton da nake kwafewa kullum, akwai wani babba mai nauyi da take ajiyewa a gefe, wanda ba a taɓa shi ba, kuma sau da yawa abin da ya ƙone a ƙaramin yana nan da rai a babban. Ni manyan nan goge su nake yi don suna cinye min wuri. Amma na Janairu ban goge ba, domin bayan na kwafe ƙaramin a kwamfuta, memorin ranar na manta shi a ƙauye, a ɗakin Mama.

Na dawo gida jiki a sanyaye. Na faɗa wa Mama don dai in faɗa. Ta tashi ta ɗauko gwangwanin madarar da take zuba allura da zare, ta juye shi a tabarma. Ga memori nan a tsakiyar maɓallai.

Abu huɗu ta fito da su ranar da ta gudo daga ƙauye, kuma gwangwanin nan na ciki. Ta ce ita ta ɗauka maɓallin rigar zamani ne. Na rungume ta har ta ce in sake ta, numfashi take so.

Litinin, 20 ga Oktoba, ƙarfe biyar na yamma

Yau ce rana mafi daɗi tun da wata ya kama.

Ɗanyen hoton yana nan. Bappa ya zauna a gefena, na bar duhun yadda yake, na riƙa jan farin kaɗai, kaɗan kaɗan, ido ɗaya a kan tudu, ido ɗaya a kan shanu. Tudun ya fara zamewa daga bango. Sai ga ninkin fatar wuya yana fitowa. Sai ga haƙarƙari, sai ga inuwar tozo. Suna nan da farinsu, amma yanzu fari ne mai gashi.

Bappa ya miƙe zaune. "Saige ke nan! Tsaya, tsaya. Waccan mai karkataccen ƙaho Nyale ce. Ga Amare a bayanta, 'yar rigima."

Daga nan na daina kallon tudun sosai. In na ja ya kira suna, na san wurin ya rayu. In na wuce gona da iri ya ce, "Toka, toka," sai in koma baya. Ido ba mudu ba, amma ya san kima. Da na duba zanen a ƙarshe, ya tsaya daidai inda Obed ya ce, dab da bango.

Na yi kuskure ɗaya. Ina so in rubuta sunan hoton, sai na fara nuna su da biro ina cewa ɗaya, biyu, uku. Bappa ya dafe min hannu.

"Ba a ƙirga shanu, 'yar Solomon. Kira ake yi."

"To yaya kake sanin ba wadda ta ɓata?"

"Ke in kin shiga gida ƙirga 'yan'uwanki kike yi?"

Na ajiye biro. Ya kira su ɗaya bayan ɗaya, kowace da uwarta, na rubuta. Da ya gama, na karanta masa su.

Talata, 21 ga Oktoba, ƙarfe goma na safe

Saura matsala ɗaya, kuma ita ce babba.

Akwai wani maɓalli da ke shafa jan launi a duk inda ya ƙone. Na danna, duk garken ya fita tas, sai babbar saniyar da ke jingine da hannun Bappa. Felle sunanta, saboda ɗigon baƙin da ke goshinta. Fuskarta lafiya lau, har gashin ido ana gani. Amma gadon bayanta, inda rana ta sauka kai tsaye, ja ne jawur, faɗin tafin hannu a gilashi. Ko a ɗanyen hoton babu komai a wurin. A zanen kuma wani siririn layi yana nan tsaye a jikin bangon dama, ya ƙi sauka duk yadda na ja.

Na'urarsu za ta gan shi. Saura kwana goma.

Laraba, 22 ga Oktoba, ƙarfe biyu na rana

Ba a buɗe shago ba yau. Ba wanda ya buɗe.

Alhamis, 23 ga Oktoba, ƙarfe takwas na safe

Mun kwana lafiya. Mama ta dafa wake da yawa, an raba da waɗanda suka gudo jiya daga ƙauyuka. Bappa ya zo da hantsi kamar kullum, ya zauna, bai yi maganar ruwan bana ba.

Juma'a, 24 ga Oktoba, ƙarfe shida na yamma

Obed ya ce in yanke Felle. Tana gefe, in aka datse hoton daga kafaɗar Bappa shi ke nan, tudu ya wanke. Na gwada. Layin ya ɓace kuwa. Sai ga Bappa tsaye da guntun hannu, yana dafe da iska. Rabin sunayen da na rubuta ranar Litinin 'ya'yan Felle ne da jikokinta. Na maido ta.

Amma wata dabara ta zo min, kuma tawa ce, ba ta Obed ba. Da abin da nake goge wa 'yan mata ƙuraje a hoton biki, ana iya ɗebo fata daga wani wuri a liƙa a wani. Bayan Amare yana cikin inuwa, gashinsa ya fito sosai. Na ɗebo daga can na shimfiɗa wa Felle, a hankali, awa biyu cur. Jan ya tafi. Layin ya sauka daga bango. Ko ni da na yi ba na gane wurin.

Wallahi, in ji maƙwabtana, ni gwana ce.

Asabar, 25 ga Oktoba, ƙarfe goma sha ɗaya na safe

Ni ba gwanar komai ba ce.

Na nuna wa Bappa, ban faɗa masa abin da na yi ba, ina jiran yabo. Bai yi daƙiƙa goma ba ya sa yatsa daidai wurin.

"Wannan tabon wayar shinge ne. Na Amare ne, ta samo shi a gonar Bature shekara uku da suka wuce. Felle ba ta taɓa tsallake shingen kowa ba."

Ni ko tabon ban gani ba, wani ɗan zirin layi ne kamar zare.

Na ce, "Bappa, in ban yi haka ba ba za su karɓa ba. Ba wanda zai gane."

"Ni na gane." Ya miƙe, ya dogara da sandarsa. "Sun tafi kowace da fatarta, 'yar Solomon. Ke kuma kin feɗe wata kin rufa wa wata."

Ya fita. Bai tsaya a benci ba.

Mama ta ce, "Garin neman gira kin rasa ido." Ba ta ƙara ba, ta ci gaba da tsintar wakenta. Da ma zagina ta yi da ya fi min sauƙi.

Lahadi, 26 ga Oktoba, ƙarfe huɗu na yamma

Bai zo ba. To ai Lahadi ce, shago a rufe.

Litinin, 27 ga Oktoba, ƙarfe biyu na rana

Bai zo ba. Gambo mai shayi ya tambaye ni ko lafiya. Na ce lafiya.

Hoton da aka liƙa yana nan a shirye, in na hau tudu yau zai shige, na tabbata. Na buɗe shi na rufe ya fi sau biyar. Saura kwana huɗu.

Talata, 28 ga Oktoba, ƙarfe biyar na yamma

Na ɗauki kwamfuta da kwanon kunun Mama na tafi gidan Abdulkahar. Na same shi a gindin mangwaro, sanda a kan cinya. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa kamar ba abin da ya faru, har ya tambayi Mama. Wannan ya fi komai sa ni jin nauyi.

Na buɗe hoton a gabansa na cire liƙin yana kallo. Farin ya dawo bayan Felle, fat, ba komai a ciki.

Na ce, "Ka yi haƙuri, Bappa. Ga ta yadda take. Amma wurin nan ya ƙone, ba zan iya maido shi ba, kuma mai yiwuwa su ƙi mu saboda shi."

Ya kalla, ya ɗan runtse ido, sai na ga yana murmushi.

"Ai haka take. Shekara goma sha ɗaya ina bin saniyar nan, da rana tsaka ban taɓa ganin gashin bayanta ba. In rana ta hau ta, sai dai ka kau da ido. Har daga tsallaken rafi da wannan hasken nake gane inda garke yake." Ya tura min kwamfutar. "Abin naki bai yi ƙarya ba. Ke ce kika so ki yi."

Ya sha kunun duka. Da hannu ɗaya.

Laraba, 29 ga Oktoba, ƙarfe shida na yamma

Awa uku a kan tudu. Babu sabis ko ɗigo. An ce gobe.

Alhamis, 30 ga Oktoba, ƙarfe huɗu na yamma

Ya shige, ƙarfe uku da minti goma.

A wurin sunan hoto na jera sunayen shanun duka, Felle a farko. A wurin bayani na rubuta musu gaskiya da ɗan Turancina. Na ce na duba histogiram, na san akwai layi a bangon dama, bayan saniyar gaba ne. Na ce zan iya yanke ta ko in liƙa mata fatar wata, na gwada duka biyun, mai shanun bai yarda ba, kuma shi ya fi ni gaskiya. Na ce ba zan iya sake ɗaukar hoton ba. Ban faɗi dalili ba.

In sun ƙi, sun ƙi. Abin mamaki, na sauko daga tudun zuciyata wasai. Na sake sayen rake.

Asabar, 1 ga Nuwamba, ƙarfe tara na safe

Shiru. Mun kwana lafiya. Bappa ya dawo bencinsa, suna musu da Mama a kan ko ruwan jiya shi ne na ƙarshe.

Litinin, 3 ga Nuwamba, ƙarfe goma sha biyu na rana

Shiru. Mota biyu sun shigo daga Kaduna, har an kawo burodi. Akuyar Gambo ta riga kowa sani.

Talata, 4 ga Nuwamba, ƙarfe biyar na yamma

Sun karɓa.

Sabis ya zo har cikin shago yau, abin da ya daɗe bai yi ba. Wata mata ce ta rubuto, ba na'ura ba. Ta ce na'urar ta sake tsayar da hoton, amma ta karanta bayanina ta duba da idonta. Dokar tasu don ƙunar da ke cinye fuska ko ainihin abin da aka ɗauka ce, wannan kuwa hasken rana ne a inda rana ta sauka. Ta ce in gaishe da mai shanun.

Na yi ihu har Gambo ya leƙo da ludayi a hannu. Na kira Bappa ciki, na buɗe masa zauren a kwamfuta, ba hoton da ke ajiye a wurina ba, na can. Ga su nan tsakanin hoton wasu masunta da na wata kasuwar da ban san ƙasarta ba. Sunayensu a jere a ƙasa.

"Yanzu suna can?"

"Suna can, Bappa."

"In an ɗauke wannan abin naki fa?"

"Ko an ɗauke, ko an fasa shi, suna can. Obed ma yana kallonsu yanzu haka a Kaduna."

Ya jingina sandarsa da teburina, ya dafa gwiwoyinsa da hannu biyu, ya matso. Sai ya fara kiransu, ba irin kiran ranar da na rubuta ba, irin na daji, mai tashi daga maƙogwaro, amma ƙasa ƙasa. Ya fara da Felle. Mama ta juya ta fita waje, wai za ta duba wake, alhali yau ba mu ɗora wake ba. Ni na tsaya, na yi kukana a fili, ban ji kunyar kowa ba.

Da ya kai ta ƙarshe ya ce, "Duk suna nan." Aka kira la'asar, ya ɗauki butarsa ya tafi.

Laraba, 5 ga Nuwamba, ƙarfe goma na safe

Mun kwana lafiya.

Da na buɗe shago na ga sandar tana nan jingine da tebur, inda ya bar ta jiya. Bai aiko a karɓa ba. Yanzu haka yana kan benci, Mama ta ba shi kunu, ya riƙe kwanon da hannu biyu.